Farin ɓawon da ke cikin buta: me ruwan famfon Landan yake yi wa kayan gida?

Shin ruwan famfon birnin Landan gurɓatacce ne? Wannan tambaya ce da ba ta fita daga bakin baƙin da suka sauka a birnin, ciki har da ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke zuwa daga Najeriya da Ghana. Mutum zai sayi sabuwar butar lantarki, kafin wata ya zagayo ya leƙa cikinta ya tarar da wani farin ɓawo ya lulluɓe gindinta, ya dafa shayi ya ga wani yaɗi yana yawo a samansa, ya shiga wanka sabulu ya ƙi kumfa yadda ya saba. Daga nan sai zargi ya fara: wasu su ce maganin da ake zubawa a ruwan ne ya yi yawa, wasu su ce tsofaffin bututai ne ke narkewa, wasu kuma su yanke hukuncin cewa abin da ya taru a buta haka zai taru a ƙodar mutum, sai su koma sayen ruwan gora katan-katan.

A ɗaya ɓangaren, kamfanonin ruwa da hukumar da ke sa ido kan ingancin ruwan sha a Ingila da Wales suna nanata cewa ruwan ya cika sharuɗɗan lafiya. Masu gyaran famfo da na tukunyar ɗumama gida kuma suna cewa ruwan nan ne ke kashe kayan mutane tun kwanansu bai ƙare ba. Maganganun biyu duk gaskiya ne, kuma rashin raba su da juna shi ne tushen ruɗanin da ake ciki.

Mene ne ainihin abin da ke cikin ruwan?

Abin da ke haddasa wannan ɓawo sinadarai biyu ne da ke narke a cikin ruwa, wato kalsiyam da maganiziyam, kuma a Landan kalsiyam ne ya fi rinjaye. Shi ne sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, don haka a wannan bayani za a kira irin wannan ruwa da ruwa mai alli. Ba a ganin allin da ido, domin ya narke sarai, kuma ruwan yana fitowa daga famfo garau.

Ana auna yawansa da miligiram a kowace lita. A ma'aunin da aka saba amfani da shi a Ingila, ruwan da bai kai miligiram 100 ba ana ɗaukarsa mai laushi, daga 200 zuwa 300 mai alli ne sosai, wanda ya haura 300 kuwa ya kai matakin ƙarshe. Galibin unguwannin Landan suna sama da 200, da yawa daga cikinsu kuma suna kusa da 300.

Yana da muhimmanci a bambanta wannan da wasu matsaloli uku da ake cuɗa su da shi. Ruwa mai zartsi, irin na wasu rijiyoyi, gishiri ne ya yi masa yawa, kuma harshe yana shaida shi nan take. Ruwan da ke barin jan tabo a bokiti da farin tufafi, sinadarin ƙarfe ne a cikinsa. Warin da ake ji idan an buɗe famfo da safe kuwa na sinadarin kulorin ne, wanda ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba shi da hannu a farin ɓawon ko kaɗan. Kamfanin ruwa bai zuba alli ba; daga ƙasa ruwan ya ɗauko shi.

Daga ina allin yake fitowa?

Birnin Landan yana zaune ne a cikin wani kwari mai faɗi wanda ƙarƙashinsa shimfiɗar dutsen alli ce mai kauri. Dutsen ya samu ne miliyoyin shekaru da suka wuce, lokacin da teku ya rufe yankin, daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka riƙa mutuwa suna taruwa a ƙasa. Shi ne ya fito fili a tsaunukan Chilterns da ke arewa maso yammacin birnin da tsaunukan North Downs da ke kudu, shi ne kuma fararen duwatsun gaɓar teku na Dover da ake nunawa a hotuna.

Ruwan sama yana saukowa ba tare da alli ba, amma a kan hanyarsa yana haɗuwa da iskar kabon, musamman idan ya ratsa ƙasar da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye suka cika, sai ya ɗauki ɗan tsami kaɗan. Wannan ɗan tsamin ne ke narkar da dutsen a hankali yayin da ruwan ke tsiyaya ta cikinsa. Mafi yawan ruwan da ake bai wa Landan ana ɗebo shi ne daga kogin Thames da kogin Lee, saura kuma daga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa cikin allin. Mutum zai zaci ruwan kogi zai fi laushi, to amma waɗannan koguna maɓuɓɓugan da ke fitowa daga cikin dutsen ne ke ciyar da su, kuma shi kansa Thames ya taso ne daga tsaunukan Cotswolds, inda nan ma irin wannan dutse ne. Ko ta ina aka ɗebo ruwan, allin ya riga ya shiga.

Wannan ne ya sa wanda ya yi zama a wasu biranen Birtaniya bai san matsalar ba. Tun a 1859 Glasgow ta fara janyo ruwa daga tafkin Loch Katrine, Manchester ta janyo nata daga Thirlmere a 1894, Birmingham kuma daga kwarin Elan da ke Wales a 1904. Duk waɗannan wurare ne na tsofaffin duwatsu masu tauri waɗanda ruwa ba ya iya narkarwa, don haka ruwansu mai laushi ne. Ɗalibin da ya baro Manchester ya koma Landan zai ga bambancin a butarsa cikin makonni kaɗan.

Zafi ne ke mayar da shi dutse

Nan ne zuciyar maganar. Yawancin abubuwan da muka sani, kamar sukari, sun fi narkewa a ruwan zafi. Alli kuwa akasin haka yake yi. Iskar kabon da ke cikin ruwa ita ce ke riƙe da shi a narke. Da zarar an ɗora ruwan a wuta iskar ta fice, sai allin ya koma dutsensa na asali, ya manne a wurin da ya fi ko'ina zafi, kamar yadda ƙanzo ke kama gindin tukunya ba gefenta ba. Abin yana ƙara sauri sosai idan zafin ruwa ya haura digiri 60.

Akwai hanya ta biyu, wato bushewa. Duk ɗigon ruwan da ya bushe a kan gilashin banɗaki ko bakin famfo ko tayil, ruwan ne kawai ya tafi, allin yana nan. Shi ya sa ko butar alwala ta roba, wadda ba ta taɓa ganin wuta ba, takan yi farin zobe a daidai inda ruwa ya saba tsayawa.

Masana suna raba allin gida biyu. Akwai wanda tafasawa ke fitarwa, shi ne mai yin ɓawo, kuma shi ya fi yawa a ruwan Landan. Akwai kuma wanda ko an tafasa ruwan yana nan a narke, wanda ba ya cika yin ɓawo a buta amma yana hana sabulu aiki.

Ga wani ɗan lissafi da zai nuna girman abin. Mutum ɗaya a Ingila yana amfani da kimanin lita 140 a rana. Idan gida yana da mutum huɗu, kuma kowace lita tana ɗauke da miligiram 280, to allin da ke ratsa bututan gidan a shekara ya haura kilo 50. Masu tallar na'urorin tace ruwa suna son wannan adadi ƙwarai, amma ba sa cika faɗin cewa mafi yawansa yana wucewa ne a narke ta makwarara da masai ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Ɗan abin da aka dafa ko ya bushe shi ne ke zama. Sai dai ɗan abin nan ya isa ya yi ɓarna, domin a wurare mafiya tsada yake zama.

Abin da ke samun kowane kaya

Butar lantarki ita ce ta fi bayyana matsalar, amma ita ce mafi ƙarancin asara. Ɓawon yana shiga tsakanin ƙarfen da ke ba da zafi da ruwan, sai butar ta ƙara ƙara, ta daɗe kafin ta tafasa, wani lokaci ta kashe kanta ruwan bai gama tafasa ba. A nan akwai wani kuskure da ake yawan yi. Ana cewa ɓawon yana cinye wutar lantarki mai yawa, alhali a kayan da ƙarfen zafinsu ke nutse cikin ruwa kusan duk zafin a ruwan yake ƙarewa, ko da ɓawo ko babu. Illar da ta fi girma ita ce shi ƙarfen yana yin zafin da ya wuce ƙa'idarsa saboda an rufe shi, har wata rana ya ƙone. Haka lamarin yake ga hitar wanka ta lantarki da ƙarfen da ke cikin tankin ruwan zafi.

Tukunyar ɗumama gida mai amfani da gas, wadda ake kira boila, labarinta daban ne, kuma a nan kuɗi na gaske ke zubewa. A cikinta wuta tana gefe ɗaya, ruwa yana ɗaya gefen, ƙarfe ne tsakaninsu. Idan ɓawo ya rufe gefen ruwan, zafin da ya kasa ratsawa yana bin bututun hayaƙi ya fice waje, mai gida kuma ya biya kuɗin gas ɗin da bai amfana da shi ba. Adadin da ake yawan ambatawa a Birtaniya shi ne ɓawo mai kaurin milimita ɗaya yana iya ƙara cin makamashi da kusan kashi 7 cikin 100. Ruwan da ke zagaya ƙarafan ɗumama ɗakuna ba shi ne babbar damuwa ba, domin ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa, allin da ke cikinsa kuma sau ɗaya zai sauka ya ƙare. Damuwar tana ɓangaren ruwan wanka da wanke-wanke, inda sabon ruwa ke shigowa kullum da sabon alli. Irin boilar da ta fi yawa a ƙananan gidajen Landan, wadda ke dafa ruwa nan take idan an buɗe famfo, tana bi da ruwan ta wasu siraran hanyoyi tsakanin faifan ƙarfe, kuma ba sai ɓawo ya yi yawa yake toshe su ba. Alamar da mazauna gida ke fara gani ita ce ruwan wanka ya riƙa sauyawa, yanzu da zafi har ya ƙona, an jima ya yi sanyi ƙalau, ko kuma a riƙa jin tukunyar tana ruri da ƙwanƙwasa. Saboda haka ne jagororin dokokin gini na Ingila suka tanadi cewa inda allin ruwa ya haura miligiram 200 a lita, a yi wa ruwan da ke shiga irin waɗannan na'urori wani tanadi da zai rage taruwar ɓawo.

Wani zai ce ai sai a rage zafin ruwan tanki zuwa ƙasa da digiri 60 a huta. Ba a so a yi haka, domin ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa mummunan ciwon huhu, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye, kuma shawarar hukumomin lafiya ita ce a ajiye ruwan tanki a digiri 60. Abin da ake iya yi shi ne kada a wuce nan ba gaira ba dalili, don kowane ƙarin zafi ƙarin ɓawo ne.

A injin wanki matsalar ta fi shafar sabulu. Kalsiyam yana kama sabulu ya mayar da shi wata irin dauɗa mai danƙo wadda ba ta narkewa, ita ce ke barin zobe a bahon wanka, ita ce kuma ke sa tawul ya yi kaushi, farin kaya ya dusashe. Masu yin omo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke zuba sinadaran da ke kama kalsiyam kafin ya kai ga sabulun, kuma idan aka duba bayan kwalin za a ga sun rubuta awo daban-daban gwargwadon allin ruwan yanki. Ma'ana, matar da ke wanki a Landan tana zuba omo fiye da ƙanwarta da ke Glasgow kafin kaya su fita iri ɗaya. Shi kuwa ƙarfen zafin injin, idan a digiri 30 ko 40 ake wanki kamar yadda aka fi yi yanzu, kuma ana zuba omo daidai awo, ɓawon da yake tarawa kaɗan ne. Tallan da ke nuna injin wanki ya fashe ruwa ya malale ɗaki ya fi kusa da tsoratarwa.

Injin wanke kwanuka shi kaɗai ne ya zo da maganinsa a jikinsa, domin irin wanda ake sayarwa a Turai yana da ƙaramar na'urar cire alli a ciki, wadda ke buƙatar a riƙa zuba mata gishiri na musamman a wani rami da ke ƙasan injin. Baƙi da dama ba su san amfanin ramin ba, sai su ga kofunan gilashi suna fitowa da hazo su ɗauka injin ya lalace.

Sai ƙananan abubuwa masu cin rai. Dutsen guga mai tururi yana tara ɓawo a cikinsa har ramukan su toshe, rannan kuma ana tsakiyar gugar farar shadda ya feso ɓarɓashi mai ruwan ƙasa a gaban riga. Kan shawa yana toshewa rabi, ruwan ya riƙa fita a karkace yana fesa bango. Bututun tsarki da gidajen Musulmi da yawa ke sakawa a banɗaki shi ma haka, kuma idan ɓawo ya hana bakinsa rufuwa sosai sai ya riƙa ɗiga. Tankin masai yana iya kwana yana tsiyaya saboda ɓawon da ya hau robar da ke tare ruwa, wanda a gidan da ke da mita kuɗi ne ke tafiya.

Yaɗin da ke kan shayi ma an bincike shi. A farkon shekarun 1990 masana a Imperial College da ke Landan sun nuna cewa allin ruwa ne ke haɗuwa da sinadaran ganyen shayi a saman kofin. Ba ya cutarwa, kuma ɗigon lemun tsami yana hana shi. Har akwai kamfanin da ke haɗa ganyen shayi na musamman don masu irin wannan ruwa. Masu girki kuma za su lura wake yana daɗewa bai nuna ba, domin kalsiyam yana ƙara wa fatarsa ƙarfi, abin da 'yar kanwa ke warwarewa kamar yadda aka saba a gida.

To lafiyar jiki fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya wata iyaka ta lafiya ga allin ruwan sha ba, saboda ba ta ga cewa yawan da ake samu a ruwa yana cutarwa ba. Kalsiyam da maganiziyam abubuwa ne da jiki ke buƙata, kuma cikin mutum ba buta ba ne: akwai tsami mai ƙarfi a cikinsa wanda ke narkar da alli, ba a kuma tafasa komai a ciki. Game da tsakuwar ƙoda, ba a tabbatar da cewa ruwa mai alli ne ke kawo ta ba. Abin da likitoci suka fi jaddadawa shi ne ƙarancin shan ruwa, don haka wanda ya rage sha saboda tsoron famfo ya kusanci abin da yake gudu. Wasu bincike ma sun nuna alamar cewa yankuna masu irin wannan ruwa suna da ƙarancin mace-macen ciwon zuciya, ko da yake masana ba su gama yarda cewa ruwan ne dalili ba.

Masu gudu zuwa ruwan gora ya kamata su karanta takardar da ke jikin gorar. Ruwan Evian na Faransa, alal misali, yana ɗauke da kalsiyam kimanin miligiram 80 da maganiziyam 26 a lita, wanda idan aka juya shi zuwa ma'aunin da aka ambata a sama ya kai kusan 300. Wato mutum ya biya kuɗi mai yawa ya sayi ruwan da allinsa ya kai na famfonsa ko ya fi.

Inda ƙorafin jama'a yake da ƙamshin gaskiya shi ne fata. Wani bincike da aka yi a Nottingham aka wallafa a 1998 ya gano cewa ciwon fata mai ƙaiƙayi da bushewa, wanda likitoci ke kira egzima, ya fi yawa ga yaran firamare a yankunan da ruwansu ke da alli. Amma da aka gwada saka na'urar cire alli a gidajen yara masu ciwon, a wani gwaji na yara 336 da aka wallafa a 2011, ba a ga ƙarin sauƙi a kan maganin da suka saba amfani da shi ba. Saboda haka dangantakar tana nan, amma sayen na'ura ba magani ne da aka tabbatar ba.

Me ya hana kamfanin ruwa ya cire shi tun daga tushe?

Ba rashin dabara ba ne. Tun a 1841 Thomas Clark, malamin kimiyyar sinadarai a Aberdeen, ya yi rajistar hanyar rage allin ruwa ta zuba masa ƙonannen dutsen alli, wanda ke sa narkakken ya sauka ƙasa a kwashe. A Holan kamfanonin ruwa sun daɗe suna rage alli a matatunsu, Amsterdam tun a shekarun 1980, kuma kamfanin ruwan Kopenhagen a Denmak ya fara nasa a 2017. A gefen Landan ma, kamfanin SES Water da ke bai wa Sutton da gabashin Surrey ruwa yana rage allin nasa, domin tsofaffin dokokin da aka kafa magabatansa a kansu sun wajabta masa. Thames Water, wanda ke shayar da mafi yawan birnin, babu dokar da ta ɗora masa wannan, kuma ba ya yi.

Hujjojin masu adawa da ragewar ba na banza ba ne. Suna cewa aikin kamfani shi ne ya kawo ruwan da ba ya cutarwa, kuma alli ba ya cutarwa. Suna cewa za a kashe maƙudan kuɗi a tace ruwan da yawancinsa a masai da lambu zai ƙare, sannan a rasa inda za a kai tarin allin da aka cire. Akwai kuma batun dalma: gidaje da yawa da aka gina kafin 1970 har yanzu da bututun dalma suke haɗe da babban layi, kuma ruwa mai laushi ya fi saurin cin dalma ya kai ta bakin yara, matsalar da Glasgow ta yi fama da ita shekaru da dama. Ɗan siririn ɓawon da alli ke yi a cikin bututu yana ba da wata kariya. Bayan haka, Thames Water, wanda aka sayar wa 'yan kasuwa a 1989 tare da sauran manyan kamfanonin ruwan Ingila da Wales, yana fama da bashin da ya haura fam biliyan 15, da yoyon bututai da ke zubar da sama da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da ya tace, da kuma matsin lamba kan ƙazantar da ke malala koguna. A irin wannan hali batun ɓawon buta yana can ƙarshen layi.

Masu goyon baya kuwa suna cewa kuɗin nan ana biyansa ko ta yaya, sai dai ba a takardar kuɗin ruwa yake fitowa ba. Yana fitowa a kuɗin gas, da omo, da sinadaran goge banɗaki, da kiran mai gyara, da boilar da aka canza kafin lokacinta. A ganina wannan hujja ta fi nauyi fiye da yadda ake ba ta, saboda rabon asarar ba daidai yake ba. Mai gidan kansa da ke da hali zai saka na'ura ya huta. Ɗan haya ba shi da ikon taɓa bututun gida, kuma ko da yake dokar haya ta 1985 ta ɗora gyaran boila a kan mai gida, kuɗin gas ɗin da boila mai ɓawo ke ci ɗan haya ne ke biya. Idan ya tashi fita kuma, tsabtar gida tana cikin abubuwan da aka fi yin jayayya a kansu wajen mayar da kuɗin jingina, kuma farin tabon famfo da gilashin wanka na cikin abin da ake dubawa.

Abin da ke aiki da abin da ba a tabbatar ba

Tunda tsami ne ya narkar da dutsen tun farko, tsami ne kuma ke cire shi. Ruwan khal, ko ruwan lemun tsami, ko garin sitirik asid da ake sayarwa da araha, duk suna narkar da ɓawo. A zuba cokali ɗaya ko biyu na garin a buta mai ruwa, a tafasa, a bar shi ya ɗan jima, a ɗauraye sosai. Kan shawa kuma a kwance shi a jiƙa. Gargaɗi biyu ne a nan: kada a taɓa haɗa wani abu mai tsami da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma kada a zuba shi a kan marmara, domin ita ma dangin alli ce, zai cinye ta. Zubar da ragowar ruwan buta maimakon a yi ta maimaita tafasa shi, da share gilashin wanka kafin ya bushe, suna rage aikin sosai.

Na'urar da ke cire alli da gaske ita ce mai amfani da gishiri. Ruwan yana ratsa wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ke kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa, lokaci-lokaci kuma a wanke su da ruwan gishiri. Kuɗinta daga ɗaruruwan fam ne zuwa sama da dubu, ban da gishirin da za a riƙa saye. Duk miligiram 100 na alli da ta cire tana ƙara kimanin miligiram 46 na sodiyam, don haka ake ba da shawarar a bar famfon kicin ɗaya bai bi ta cikinta ba, saboda haɗa madarar jarirai da masu hawan jini da aka hana gishiri. Tulun tace ruwa na kan tebur yana rage allin ɗan ruwan shayi, amma bai san da zaman boila ba. Su kuwa na'urorin maganaɗisu da na waya da ake naɗawa a jikin bututu, ba sa cire komai daga ruwan. Masu sayar da su suna cewa suna sauya siffar allin ne ya kasa mannewa, sakamakon gwaje-gwaje a kansu kuma ya saɓa wa juna. Wanda zai saya ya san a kan me yake sa kuɗinsa.

Inda maganar ta shafe mu a gida

Dutsen da ya jawo wa Landan wannan hali akwai danginsa a ƙasar Hausa da kewaye. Masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, an kafa su ne a inda dutsen yake, kuma rijiyar da ta ratsa irinsa ana sa ran ruwanta ya ɗauko alli. A da, lokacin da ruwan wanka a tukunya ake dafa shi a kan murhu, abin bai wuce ƙorafin cewa ruwan rijiya kaza ba ya kumfa ba. Yanzu da gidaje ke haƙa burtsatse suna haɗa shi da hitar bango da injin wanki da hitar hasken rana mai siraran bututai, asarar da aka bayyana a sama za ta riƙa bayyana a nan ma. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da aka fitar a 2007 ta sa iyakar alli a miligiram 150 a lita, adadin da ruwan Landan ya zarce nesa, amma burtsatsen cikin gida ba kasafai ake auna shi ba.

Alam da ake jefawa a ruwa yana kwantar da laka ne kawai, ba ya taɓa narkakken alli. Ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da masu tallar na'urar tace ruwa ke tsomawa a kofi kuma yana auna jimillar duk abin da ya narke ne, gishiri da alli da sauransu, ba ya bambance su, don haka babban adadi a fuskarsa ba hujja ba ce cewa ruwan yana da alli, balle a ce yana da cuta. Gwajin farko da kowa zai iya yi shi ne a sami gora biyu masu girma ɗaya, a zuba ruwan sama a ɗaya, ruwan burtsatse a ɗaya, kowace zuwa rabi, a ɗiga musu narkakken sabulun wanka daidai wa daida, ba omo ba, domin shi omo yana kumfa a kowane irin ruwa, sannan a girgiza. Idan gorar burtsatse ta yi fari kamar tsinkakken nono ba tare da kumfar kirki ba, alhali ta ruwan sama ta cika da kumfa, to kafin a sayi hita mai tsada ya kamata a kai ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a mafi kusa a auna kalsiyam da maganiziyam ɗinsa.